HOTUNAN BUGUN KATAKO NA JAPAN: BARADE DA ALJANNU

Babu wanda bai san hatimi ba a cikinmu. Akawu ya dangwala shi a tawada ya danna bisa takarda, sai ga rubutu ya fito. In ya sake dannawa sau ɗari, rubutun nan dai shi zai yi ta fitowa. To, mutanen Japan sun ɗauki wannan 'yar dabara sun kai ta inda ba a zata ba. Da katako da wuƙa da tawada suka buga hotuna masu launi iri iri, dubbai bisa dubbai, har talaka ya iya sayen nasa da kuɗin kwanon taliya ɗaya ko biyu. Yau kwafin hotunan nan ya gama duniya. A kan gan su cikin littattafai, da jikin riguna, da bangon ɗakuna, da cikin wayar hannu.

'Yan'uwana ɗalibai, abin da na ke so mu duba a nan kashi uku ne: yadda a ke yin hotunan, da labarun barade da aljannu da ke cikinsu, da kuma amfanin da malamin makaranta zai ciro daga ciki ran da ya tsaya gaban ajinsa.

ƘASAR DA ZAMANIN

Japan tsibirai ne a can gabas da ƙasar Sin. Tun da can suna da babban sarkinsu, amma shekaru aru aru ikon ƙasa yana hannun sarkin yaƙi, wanda su ke kira Shogun. A 1603 wani mai suna Tokugawa Ieyasu ya sami wannan sarauta, ya zauna a garin Edo, watau birnin da a ke kira Tokiyo tun 1868. Zuriyarsa ta riƙe ƙasar shekara 265.

Mayaƙansu su a ke kira samurai. In za mu neme su a wajenmu, sai mu ce barade ne ko 'yan lifida na fada, sai dai su gadon abin su ke yi, ɗa ya gaji uba. Ba su kai kashi 10 cikin 100 na jama'a ba. Su kaɗai aka yarda su rataya takubba biyu, dogo da gajere, albashinsu kuwa da shinkafa a ke aunawa. Sulkensu ba na zobba ba ne irin namu, ƙananan faranta ne na ƙarfe ko na fata, a shafe su da wani irin ƙaro mai sheƙi, a ɗinke su da igiyar siliki.

Ga abin mamaki. Zamanin Tokugawa zamanin zaman lafiya ne. Yawancin baraden nan sun tsufa sun mutu ba su taɓa ganin fagen fama ba, sun koma akawuna da masu karɓar haraji. Kuɗi kuwa ya koma hannun fatake da masu sana'a na birni, waɗanda a ke rainawa. Su ne masu zuwa gidan wasan kwaikwayo, su ne masu sayen littattafan labaru, su ne kuma masu sayen hotunan da mu ke magana a kai. Watau hoton barde ba barde aka yi wa ba. Mai kanti aka yi wa, da ɗan dako, da masassaƙi, mutanen da ba su da ikon riƙe takobi amma suna son jin labarinsa.

YADDA A KE BUGAWA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane hoto sai mutum huɗu sun taru a kansa.

Na fari shi ne mai jari. Shi ya ke duba abin da kasuwa ke so, ya biya ma'aikata, ya sayar a kantinsa. In an ci riba tasa ce, in hukuma ta yi fushi shi za a fara kamawa.

Na biyu mai zane. Ya kan zana hoton da baƙar tawada kawai bisa takarda marar kauri.

Na uku masassaƙi. Ya kan kife takardar nan bisa allon itacen da su ke kira sakura, ya manne ta, ya goge bayanta har layukan su bayyana. Sa'an nan ya sa wuƙa mai tsini ya bi gefen kowane layi, ya ƙwaƙule duk inda babu zane, layukan kaɗai su rage a tsaye kamar kunyoyin gona. Ku lura da wannan: zanen da mai zane ya yi da hannunsa ya hallaka ke nan wajen sassaƙa. Daga wannan allo na fari a ke buga 'yan kwafi, mai zane ya nuna inda kowane launi zai shiga, sa'an nan a sassaƙa wa kowane launi allonsa. Hoto ɗaya ya kan ci allo 10 ko fiye. Sassaƙa gashin kai shi ne aiki mafi wuya, sai gwanin gwanaye a ke ba shi.

Na huɗu mabugi. Ba shi da injin kome. Ya kan shafa launi na ruwa bisa allo tare da ɗan kunun shinkafa, ya ɗora takarda mai ɗan danshi, ya murza bayanta da wani faifai ɗan ƙarami da aka naɗe da ɓawon gora. Ya ɗaga, ya ɗora wata. In ya gama tuli guda, kamar takarda 200, sai ya ɗauko allon launi na biyu ya sake bi da su duka. Yaya launi ba ya zamewa ya fita daga layi? A kusurwar kowane allo akwai 'yan tsagi biyu, nan a ke tokara gefen takarda kowane karo. Da wannan 'yar dabara aka fara buga hotuna masu cikakken launi a 1765, a hannun wani mai zane Suzuki Harunobu.

Takardar daga ɓawon itace a ke yin ta, shi ya sa ta ke jure murza sau da yawa. Girmanta na kullum kamar inci 15 ne da inci 10. In labari ya fi ƙarfin takarda ɗaya sai a jera uku su zama hoto guda, a fara dubawa daga dama zuwa hagun, kamar yadda mu ke karanta ajami. Cikin launukansu akwai na baba, dangin shunin da a ke rini da shi a marinar Ƙofar Mata ta Kano. Wajen 1830 wani shuɗi mai ƙarfi da aka ƙaga a Jamus ya yi araha a kasuwarsu, masu zane suka rungume shi.

KUNIYOSHI, ƊAN MARINI

Gwanin hotunan barade shi ne Utagawa Kuniyoshi, wanda ya rasu a 1861. Ubansa marini ne mai rina siliki, watakila daga nan ya koyi son ado a tufafi. Ya daɗe cikin talauci ba a san shi ba, sai wajen 1827 ya fara fitar da hotunan jarumai 108 na wani tsohon labarin ƙasar Sin, 'yan tawaye masu yaƙi da azzaluman hakimai. Ya zana waɗansunsu da jarfa tun daga wuya har cinya, macizai da furanni da damisa. Samarin Edo suka ga abin ya yi musu kyau, suka shiga kai wa masu jarfa bayansu a yi musu irinta. Kun ga ƙarfin hoton kwabo ke nan.

Ga uku daga cikin labarun da ya zana.

Na ɗaya, fatalwowin teku. A 1185 manyan gidaje biyu, Minamoto da Taira, suka yi karon ƙarshe cikin jiragen ruwa a wani mashigi mai suna Dan-no-ura. Aka ci Taira, da yawansu suka faɗa ruwa don kada a kama su. Wannan tarihi ne. Daga nan sai almara ta karɓa. An ce sa'ad da Yoshitsune, jarumin da ya ci yaƙin, ya ke gudun ɗan'uwansa cikin jirgi, sai hadari ya taso, matattun Taira suka fito daga ƙarƙashin teku neman fansa. Baransa Benkei, wani ƙaton malami mayaƙi, ya ga takobi ba ya cin fatalwa, sai ya ɗauko carbi ya yi ta addu'a har suka janye. Kuniyoshi ya sa jirgin ya zama ɗan mitsitsi a gindin igiyar ruwa mai kama da dutse, fatalwowin kuwa inuwa ce kawai a sararin sama. Har yau akwai wata ƙaguwa a tekun nan wadda bayanta ke kama da fuskar mutum mai fushi, masunta su kan kira ta da sunan Taira.

Na biyu, ƙwarangwal. A 940 aka kashe wani ɗan tawaye Taira no Masakado. Almara ta ce 'yarsa Takiyasha ta zauna a kangon fadarsa tana koyon sihiri don ta rama. Da aka aiko wani barde ya bincika, sai ta buɗe takardar tsafinta ta kira matattu. A littafin da labarin ya fito ƙwarangwal da yawa ne suka taso. Kuniyoshi, wajen 1844, ya mai da su ɗaya tak, amma ƙato, ya cika takarda biyu cikin uku, yana leƙowa ta bayan yagaggen asabari a kan barden. Ƙasusuwan sun yi kusa da yadda littafin likita zai nuna su, har masana suna ganin ya duba littattafan Turawan Holan ne, gama su kaɗai cikin Turawa aka yarda su yi ciniki a Japan a lokacin.

Na uku shi ne ya fi ba da labari, sai mu ba shi babinsa.

GIZO-GIZON DA YA TA DA HANKALIN HUKUMA

Hukumar Shogun ba ta sakaci da masu buga hoto. Tun 1790 ba a fitar da hoto sai an kai shi an duba an danna masa hatimi. An hana zana abin da ke faruwa a fada, an hana kuma zana manyan mayaƙa na kusa da sunansu. A 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, aka sa wa shahararren mai zane Utamaro ankwa a hannu kwana 50 saboda ya taka wannan doka. Ko labarin barade 47 da suka rama kisan ubangidansu a farkon 1703, wanda kowane yaro ya sani, sai da aka sake wa mutanen suna kafin a nuna shi.

Daga 1841 wani waziri Mizuno Tadakuni ya ɗauki gyaran ƙasa da ƙarfi. Ya hana tufafin alfarma, ya rushe ƙungiyoyin fatake, ya kori gidajen wasa zuwa bayan gari, a 1842 kuma ya hana buga hotunan 'yan wasan kwaikwayo. Mutane da yawa suka rasa abin yi.

A 1843 sai Kuniyoshi ya fitar da wani hoto na tsohon labari. Jarumi Raiko, wanda ya rasu tun 1021, yana kwance ba shi da lafiya, dakarunsa huɗu suna gadi, waɗansu suna dara. A bayansa ga aljanin gizo-gizo ya shimfiɗa yanarsa, daga cikin duhu kuma dodanni da yawa suna ta fitowa, rundunoni biyu suna faɗa. A fili babu laifi, tatsuniya ce ta shekara 800. Amma mutanen Edo suka ce a'a, mai barcin nan Shogun ne, wancan dogarin kuwa ga alamar gidan waziri a rigarsa, dodannin nan kuma mu ne da aka kashe wa sana'a. Aka yi ta tsayawa ana cewa wannan mai kitso ne, wancan ɗan wasa ne. Mai jari ya tsorata, ya janye hoton, ya lalata allunan. Ina amfani? Waɗansu suka sassaƙa nasu a ɓoye suka ci gaba da sayarwa.

Mu nan ba baƙin wannan hanya ba ne. Sa'ad da tsohuwa ta ce Gizo ya yi wa Zaki wayo ya cinye naman, yara dariya su ke yi, manya kuwa sun san wanda a ke nufi. Inda ba a iya faɗin magana a fili, sai a ba aljani ko dabba aronta.

SA'AD DA TAKOBI YA KOMA KUBE

A 1853 jiragen yaƙin Amurka suka tsaya a bakin Edo, suka tilasta wa Japan buɗe ƙofa. A 1868 mulkin Shogun ya faɗi. A 1876 aka hana samurai yawo da takobi. A 1877 waɗansunsu suka yi tawaye a kudu bayan wani babban mutum Saigo Takamori, sojan gwamnati masu bindiga suka murƙushe su, Saigo ya mutu a watan Satumba. A daidai lokacin nan tauraruwar Mirrihi ta kusato duniya tana haske ja. Jama'a suka ce ga Saigo can cikin tauraruwa da kayan sarautarsa, masu buga hoto kuwa ba su yi wata wata ba, suka buga shi zaune a ciki. Mutumin da aka gani da ido jiya, yau ya shiga sahun almara.

Almajirin Kuniyoshi, Tsukioka Yoshitoshi, wanda aka haifa a 1839, ya ga wannan duka da idonsa. Ya ga kyamara da injin ɗab'i suna cinye sana'arsa, ya ga 'yan boko suna cewa fatalwa camfi ne na mutanen da. Duk da haka ya ƙare ransa yana zana tsofaffin labaru. Daga 1885 zuwa 1892 ya fitar da hotuna 100 waɗanda duk batun wata ne ya haɗa su, daga 1889 kuma ya fara waɗansu 36 na fatalwowi da aljannu. A ɗaya daga ciki akwai labarin Watanabe no Tsuna, ɗaya daga dakarun Raiko, wanda ya sare hannun wani aljani ya kulle cikin akwati. Aljanin ya rikiɗa ya zo da siffar gwaggonsa tsohuwa, ya yi ta roƙo a nuna masa, da aka buɗe sai ya fizge hannunsa ya tashi sama. Yoshitoshi bai zana jarumin ba ko kaɗan. Tsohuwar kaɗai ya zana, farin gashi yana tashi, tana rungume da hannun tana waiwaye. Ya rasu a 1892.

Wanda ya karanta Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da aka buga a 1934, zai gane wannan hali. Shi ma ya fara da yaƙin gaske na zuwan Turawa, sa'an nan ya wuce da jaruminsa ƙasar aljannu. In zamanin takobi ya ƙare a wata ƙasa, to, a bakin masu labari da hannun masu zane barde ya kan sami wurin zama.

WANNE NE NA ASALI, WANNE NE KWAFI?

Mun riga mun ga zanen hannun mai zane ya kan hallaka tun ran farko. Saboda haka a wannan sana'a babu guda ɗaya tilo da za a ce shi ne uwa. Duk bugu ne, sai dai wani ya fi wani. Ga matakansu huɗu.

1. Bugun fari. Allo yana sabo, layi siriri ne ba yankewa, launukan kuma su ne waɗanda mai zane ya zaɓa.

2. Bugun baya. Allon dai shi ne, amma ya gaji. Layuka sun yi kauri, waɗansu sun karye, mai jari ya rage launi don ya rage kashe kuɗi.

3. Sabon sassaƙa. Gwanaye na baya su duba tsohon hoto, su sassaƙa sababbin alluna, su buga da hannu kamar da. Akwai wani gida a Tokiyo mai suna Adachi da ya ke wannan aiki tun 1928. Wannan kamar malami ne ya juya littafin malaminsa da alƙalami.

4. Bugun inji. A ɗauki hoton da kyamara a buga kamar kalanda. Shi ne ya fi yawa, shi ne kuma mu ke gani a nan.

In kana so ka rarrabe, sa madubin ƙara girma. Bugun inji 'yan ɗige-ɗige ne a jere, bugun hannu kuwa launi ne ya shiga cikin takarda. Juya bayanta, in na hannu ne za ka ga launi ya ɗan ɓullo, da sawun faifan murza.

Misali, hoton babbar igiyar ruwa na Hokusai, wanda aka fara bugawa wajen 1831. Masana suna ƙiyasin an buga shi dubbai tun yana da rai, amma waɗanda aka gano sun rage ɗari da 'yan kai ne. A watan Maris 2023 aka sayar da ɗaya a birnin New York dala miliyan 2 da dubu 760, hoton da aka saya da kuɗin taliya. A 2024 Japan ta sa shi a bayan sabuwar takardar kuɗinta ta yen 1,000. Mu da ba mu da miliyan, kada mu raina bugun inji. Muddin ba a ruɗe mu an ce tsoho ne ba, ya biya bukata, gama tun farko don kowa ya samu aka yi su. Ta hanyar kwafi ne suka isa Turai, har mai zane Van Gogh ya zauna a birnin Paris a 1887 yana kwaikwayonsu da fenti don ya koya.

MU FA?

Hoton bugu ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. Mun san na Alburaƙa da na shehunnan ɗariƙa da a ke ratayewa a zaure da kanti. A kudu kuwa, siffar da a ke ba aljanar ruwa Mami Wata, mace mai yalwar gashi da maciji a wuya, daga wani hoton talla ta fito wanda aka buga a Hambug ta Jamus a shekarun 1880, aka sake buga shi a Bombai ta Indiya wajen 1955 aka aiko wa fatake a Kumasi. Takarda ɗaya ta koya wa ƙasashe da dama yadda za su ga aljanarsu.

Abin tunani ke nan gare mu. Wanda ya buga hoto shi ya ke cika idon yaro. Ku tambayi ɗan aji huɗu a Gombe ya zana muku samurai, mai yiwuwa ya yi, don ya gani a waya ko a fim. Ku ce ya zana ɗan lifida da dokinsa, ko kwalkwali, ko ganuwar Bormi, ku ga abin da zai yi.

Alhali kuwa labari ba shi muka rasa ba. Ga Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ya hana ɗibar ruwa sai ran Jumma'a. Ga Buba Yero da kafuwar Gombe Abba. Ga yaƙin Bormi a bakin kogin Gongola, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi ran 27 ga Yuli 1903 tare da ɗaruruwan mutanensa. Ga Dutsen Bima da abin da tsofaffi ke faɗi a kansa. Ga labarun Tangale da Waja da Tera da Bolewa, waɗanda yawancinsu a baki kawai su ke. Gwanin hannu ma ba shi muka rasa ba. Dubi zanen ƙwarya na matan Fulani da Terawa, dubi masu sassaƙa turmi da allo. A Ntonso kusa da Kumasi, da sakaina a ke sassaƙa hatiman da a ke buga ado a zanen adinkra. A Zariya kuwa Bruce Onobrakpeya ya koyi bugun hoto wajen 1958, ya kuwa yi suna da buga tatsuniyoyin mutanensa Urhobo. Abin da ya rage shi ne a gama mai labari da mai wuƙa wuri ɗaya, makaranta kuwa ita ce wurin.

DARASI A AJI

Ga yadda malami zai gwada, ba tare da ya jira an aiko masa kaya ba.

Kayan aiki: dankali ko ɗanyen rogo don ƙanana, sakaina mai kauri ko guntun allo mai laushi don manya, 'yar wuƙa, tawadar allo mai ɗan kauri, shuni, da jan karan dafi, da gangamau don launi, ɗan kunun sitaci, tsohuwar takarda, cokali.

Ran farko, ka ce kowane yaro ya je gida ya roƙi kakarsa ko kakansa labari ɗaya na jarumi ko na aljani, ya zo ya faɗa a aji. Ran na biyu, a zaɓi labari guda, a tambayi yara: wane wuri ne cikin labarin nan gaba ya fi faɗuwa? Nan za a zana. Ka tuna musu da Yoshitoshi, wanda ya bar jarumi ya zana tsohuwa. Ran na uku, ka raba su huɗu huɗu kamar mutanen Edo: mai zane, masassaƙi, mabugi, da mai jari wanda zai lissafta takarda nawa ta shiga, nawa ta lalace, nawa za a sayar. Kun ga lissafi ya shigo ke nan.

A fara da launi ɗaya. A shafa tawada da tsumma, kada ta yi yawa ta cika ramuka, a ɗora takarda, a murza da bayan cokali. In za a sa rubutu, a sassaƙa shi a juye kamar yadda ya ke fitowa a madubi. Sai hannu ya faɗa sa'an nan a ƙara allo na biyu, da 'yan tsagin tokara takarda. Wuƙa kuwa sai manya, a gaban malami, a riƙa tura ta gaba, ba wajen jiki ba.

Abu ɗaya kuma. Akwai iyayen da ba su son a zana mai rai, akwai kuma manyan bayin Allah waɗanda bai kamata yaro ya ƙaga musu fuska ba. Malami mai hankali sai ya shawarci hedimasta da iyaye tun da wuri. Hanya a buɗe ta ke: takobi da garkuwa, sirdi da likkafa, ƙofar gari, guga a bakin rijiya, guguwa tana ratsa fako da tsakar rana. Kowane yaro ya san wanda a ke cewa yana cikin guguwa, ba sai an zana shi ba.

In aji ya buga kwafi 40, kowa ya kai ɗaya gida ya nuna wa wanda ya ba shi labarin. Gani ya kori ji.

TAMBAYOYI

1. Faɗi mutum huɗu da ke aikin hoto ɗaya, da aikin kowannensu.

2. Don me aka ce babu uwa tilo a hotunan bugun katako?

3. Me ya sa mai jari ya lalata allunan hoton gizo-gizo a 1843? Kawo tatsuniya ɗaya ta garinku wadda ke da ma'ana biyu.

4. Yaya za ka rarrabe bugun hannu da bugun inji?

5. Zaɓi labari ɗaya na ƙasarku, ka rubuta da layi biyar abin da za ka zana, da abin da za ka bari mai kallo ya cika da kansa.